Haruffan Sukari: Yadda Aka Shekara Ɗari ana Neman Rubuta Abu Mai Rassa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da kaka, ya iso Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, ko ya karkata ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga gonar masara ta rabu gida biyu. Ƙwayar ta shiga buhu ta nufi kasuwa, kara kuwa an bar shi a gona, shanu suna bi suna ci. Mutum ba ya cin kara, ko da yunwa za ta kashe shi. Amma idan aka kai ƙwayar masara da karanta ɗakin bincike aka farfasa su zuwa asalinsu, abu guda za a tarar ya fi yawa a cikinsu, wato sukarin nan da ake kira gulukos, an jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar tsakiya a zare. A cikin ƙwaya sunan jerin sitaci, a cikin kara sunansa selulos.

Bambancin yana wurin ƙullin da ya haɗa gulukos da ɗan'uwansa. A sitaci ƙullin yana fuskantar ƙasa, masana suna ce masa alfa. A selulos yana fuskantar sama, suna ce masa bita. Yawun ɗan Adam da hanjinsa suna da abin kwance ƙullin alfa na sitaci, amma ba su da na kwance ƙullin bita na selulos. Ita ma saniya ba da ikonta take kwance bita ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke yi mata aikin. Kusurwa ɗaya ke nan ta raba tuwo da harawa.

To, idan ɗan wannan bambanci ya kai haka, lalle ne duk wanda zai rubuta tsarin sukari ya rubuta shi ba tare da kuskure ba, kuma ya rubuta shi yadda wani masani a wata ƙasa zai karanta ya gane, ya kuma iya nemo shi a cikin dubban irinsa. Wannan buƙata mai kama da ƙarama ta ci wa masana fiye da shekara ɗari.

Daga layi zuwa zobe

A 1891 Bajamushen nan Emil Fischer ya warware tsarin gulukos. Ya nuna cewa sukari mai kabon shida irin gulukos yana iya zuwa a siffa 16, dukkansu da sinadarai iri ɗaya, adadi ɗaya, sai dai kowanne da inda hannayensa suka fuskanta. Don ya bambanta su a takarda, sai ya ƙago zane: layi a tsaye, da ƙananan layuka dama da hagu. Ɗaliban kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello har yau da shi suke fara wahala. A shekarun 1920 Norman Haworth na Jami'ar Birmingham a Ingila ya tabbatar da cewa sukari ba a miƙe yake zama ba, naɗewa yake ya zama zobe, ya kuma kawo zanen zobe mai kusurwa shida wanda ake gani a littattafan sakandare. Su biyun sun sami kyautar Nobel, Fischer a 1902, Haworth a 1937.

Zanen Haworth ya wadatar idan sukarin ɗaya ne ko biyu, kamar na rake, wanda gulukos ne da furuktos a haɗe. Matsala ta taso ne da aka gano cewa kowace ƙwayar halitta a jikin mutum da dabba da tsiro lulluɓe take da sarƙoƙin sukari masu zobe goma, goma sha biyar, ko fiye, maƙale a jikin furotin da kitse. Su ake kira gilaikan. Rukunin jini ma aikinsu ne: binciken Walter Morgan da Winifred Watkins a Landan a shekarun 1950 ya nuna cewa abin da ya raba mai jinin A da mai jinin B sukari ɗaya ne tak a ƙarshen sarƙa.

Sarƙoƙin nan kuwa ba a miƙe suke ba. DNA layi ne, haruffansa huɗu, ana rubuta shi kamar jimla. Furotin ma layi ne mai haruffa ashirin. Gilaikan bishiya ce: zobe ɗaya yana iya karɓar ƙulli a wurare da dama, kowane ƙulli yana iya zama alfa ko bita, kuma reshe yana fitar da reshe. A 1994 wani masani a Amurka, Roger Laine, ya zauna ya lissafa. Haruffan DNA shida suna ba da jeri 4,096. Na furotin shida suna ba da miliyan 64. Sukari shida kuwa suna iya ba da tsari fiye da tiriliyan ɗaya. Halitta ba ta amfani da dukkansu, ko kusa, amma lissafin ya nuna girman dajin. Akwai kuma wata wahalar: ana iya karanta furotin daga DNA, domin shi ne allon da ake kwafowa. Gilaikan ba shi da allo. Ƙwayar halitta tana gina shi ne mataki-mataki, gwargwadon ma'aikatan da ke bakin aiki a lokacin, saboda haka furotin ɗaya yana iya fitowa da riguna iri-iri a jiki ɗaya.

Sammore

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar mutanen Jamus da Ingila ce. Tarihin kudancin Kano da arewacin Zazzau ya nuna ba haka ba ne.

A shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi ƙauyukan bakin rafi a wannan yanki har gwamnatin mulkin mallaka ta shiga sare kurmi tana tayar da mutane. A Anchau, maƙwabciyar kudancin Kano ta ɓangaren Zazzau, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Daga baya aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma a Kaduna, wadda ta zama ta Nijeriya bayan 'yancin kai. Ciwon barci ya ja baya ƙwarai a tsakanin mutane, amma ɗan'uwansa na dabbobi, sammore, bai bar makiyaya ba. Saniyar da ta kamu takan rame, nono ya ƙafe, idan aka buɗe fatar idonta a ga ta yi fari fat. Jini ne ya ƙare. Tambayar da ta daɗe tana damun likitocin dabbobi ita ce: ina jinin yake tafiya, tunda ba zuba yake yi ba?

Wani muhimmin ɓangare na amsar daga Zariya ya fito. A 1982 K. A. N. Esievo da abokan aikinsa a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa abin da suka auna a jikin shanun da ke ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Trypanosoma vivax: wani sukari mai suna sayalik, wanda ke zaune a ƙarshen rassan gilaikan na jajayen ƙwayoyin jini, yana raguwa a jikin ƙwayoyin yana ƙaruwa a ruwan jini. Ma'anar wannan ita ce ana aske shi. Sayalik kamar hula yake a kan ƙwayar jini. Muddin yana nan, jiki ya san ƙwayar tasa ce kuma da sauran ƙarfinta. Idan aka cire shi, sukarin da ke ƙarƙashinsa, galaktos, sai ya bayyana, hanta da saifa su ɗauki ƙwayar a matsayin tsohuwa su kawar da ita. Wato cutar tana sa saniya ta cinye jininta da kanta.

Askar da ƙwayar cutar take wannan aski da ita, furotin ɗin da ake kira sayalides, ita marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok ya shafe shekaru yana bi a sashen nazarin sinadaran halitta na jami'ar, wani lokacin tare da masana na Jami'ar Bremen a Jamus. Aikinsa a kanta ya kai shi ga kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009. Ya rasu a 2017. Akwai ma wani abin lura: samfurin Trypanosoma vivax da aka zaɓa a duniya aka karanta DNA ɗinsa ya zama ma'auni, wanda ake kira Y486, daga jikin saniya a ƙasar Zazzau aka samo shi a shekarun 1970.

A ɗaya gefen, a 1988, Michael Ferguson da abokan aikinsa a Oxford suka warware tsarin turken sukari da kitse wanda ƙwayar ciwon barci take ɗaure rigarta ta furotin da shi, kusan ƙwara miliyan goma a jikin kowace ƙwaya. Shi ne cikakken tsari na farko na irin wannan turke, kuma daga baya aka ga ƙwayoyin jikin ɗan Adam ma da irinsa suke ɗaure furotin da dama. Cutar da ta tayar da Anchau ita ta koya wa duniya wannan babi.

Yanzu a ɗauka wani mai bincike a Zariya yana son ya san waɗanne rassa ne a jinin saniya suke ƙarewa da sayalik ɗaure da galaktos a kabon na uku, domin irin wannan ƙullin ne askar ta fi kamawa. Sai ya tuna kuma cewa sayalik iri biyu ne manya, kuma shanu suna da wanda ɗan Adam ba ya iya ƙerawa, bambancinsu atam ɗaya na oksijin. Ina zai nema? Da wane suna? Mai binciken DNA yana da GenBank tun 1982, mai binciken siffar furotin yana da PDB tun 1971. Shi kuwa na sukari ya daɗe ba shi da ko ƙamus.

Rumbun da ya mutu, da 'ya'yansa

An fara da sauƙaƙa zane. A 1978 Stuart Kornfeld da abokansa a St. Louis suka gaji da zana zobe, suka sa da'ira da murabba'i da alwatika a madadin kowane sukari. Dabarar ta karɓu, sai dai kowane ɗakin bincike ya ƙago nasa alamomin. Littafin *Essentials of Glycobiology*, wanda Ajit Varki ya jagoranta kuma ya fara fitowa a 1999, ya tsayar da tsari ɗaya. Mutanen Oxford suka riƙe nasu, inda kusurwar layi ke nuna wurin ƙulli. Ya zama alama ɗaya tana nufin abu biyu, gwargwadon mujallar da mutum yake karantawa.

Ta fuskar ajiya kuwa, yunƙuri na farko mai ƙarfi shi ne CarbBank, wanda aka fara a shekarun 1980 a cibiyar binciken sukari ta Jami'ar Jojiya a Amurka. Mutane ne suka riƙa karanta maƙalu suna shigar da tsare-tsare da hannu, har bayanan suka kai kimanin dubu hamsin. A ƙarshen shekarun 1990 kuɗin tallafi ya yanke, aikin ya tsaya. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk tarihin nan, domin a daidai shekarun da ake zuba dukiya a karanta DNA ɗin ɗan Adam, fannin sukari ya rasa rumbunsa guda ɗaya. Kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiye takardu na wata tsohuwar ma'aikata a Arewa, ya ga fayil-fayil gara ta ci, ya san yadda abin yake: ba wanda ya yanke shawarar a zubar, an dai daina biyan mai kula ne.

Abin da ya ceci bayanan shi ne an riga an rarraba kwafinsu. A Heidelberg, a cibiyar binciken ciwon daji ta Jamus, Claus-Wilhelm von der Lieth ya gina GLYCOSCIENCES.de a kansu. A Kyoto aka kafa KEGG GLYCAN da manhajarsa ta zane, KegDraw. A Amurka gamayyar CFG, wadda ta fara a 2001, ta buɗe nata rumbun. A Mosko, a Cibiyar Zelinsky, aka fara CSDB, wanda ya ƙware a sukarin bakteriya. Gado ɗaya, magada huɗu ko biyar, kowanne da tasa hanyar rubuta bishiya a kwamfuta: LINUCS a Jamus, KCF a Japan, Linear Code a Amurka. Tsari ɗaya yana iya kasancewa a rumbu uku da suna uku, kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Tun ƙa'idojin rubutun boko na Hanns Vischer a 1912 aka yi ta fama da yadda za a raba baki da baƙi, ko kasa da ƙasa; an sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, an sa waƙafi a gabansa, kafin ƙugiya ta zauna a shekarun 1930. Har gobe wanda ya nemi kalma mai ƙugiya a intanet ya san rabin abin da yake nema zai ɓace masa, domin wani ya rubuta da ƙugiya, wani da waƙafi, wani bai sa komai ba. Alfa da bita su ne ƙugiyar sukari. Kuma sakacin bai tsaya ga masu koyo ba: a 2004 Thomas Lütteke da von der Lieth suka binciki PDB da manhajar da suka rubuta, suka tarar kusan kashi 30 cikin ɗari na bayanan da ke ɗauke da sukari akwai kuskure aƙalla ɗaya a cikinsu.

Gyara ya zo ne a hankali, kuma mafi yawansa daga wani shiri na Tarayyar Turai, EUROCarbDB, wanda aka fara a 2005. Daga cikinsa GlycanBuilder ya fito a 2007, aikin Alessio Ceroni da Anne Dell da Stuart Haslam na Imperial College a Landan. Hikimarsa mai sauƙi ce: mai bincike ba ya zana layi ko ɗaya, sai dai ya zaɓi sukari ya ce ga inda zai maƙala, manhajar ta shimfiɗa bishiyar da kanta. Abin da take ajiyewa jerin bayanai ne na wane zobe ya kama wane, a wane kabon, ta wace fuska. Hoton kuwa ana iya fitar da shi da alamomin Oxford ko na Amurka yadda aka ga dama. Raba ma'ana da hoto shi ne ya buɗe ƙofar nema. Ɗan'uwansa GlycoWorkbench ya biyo baya a 2008, yana lissafa yadda bishiyar za ta kakkarye a na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, don a gwada da abin da na'urar ta nuna. A shekarar ne kuma GlycoCT ya fito, da ƙa'idar cewa tsari ɗaya rubutu ɗaya yake da shi, ko wa ya shigar da shi, ko ta wane reshe ya fara. René Ranzinger ya yi amfani da shi ya fassara rumbunan da suka warwatse zuwa harshe ɗaya a GlycomeDB. Von der Lieth, wanda ya fi kowa kiran a haɗu, ya rasu a 2007, bai ga ƙarshen aikin ba.

A 2015 abubuwa biyu suka tabbata. Aka amince da tsarin alamomi guda, SNFG: gulukos da'ira shuɗiya, galaktos da'ira rawaya, manos da'ira koriya, fukos jan alwatika, sayalik irin na mutum lu'ulu'u mai launin shunayya, irin na saniya kuma lu'ulu'u mai shuɗi-shuɗi. Sannan a Japan, ƙarƙashin jagorancin Kiyoko Aoki-Kinoshita ta Jami'ar Soka, aka buɗe GlyTouCan, wanda aikinsa rajista ne kawai: kowa ya zana tsari ya shigar, a ba shi lamba mai farawa da harafin G wadda ba za ta sake ba. Shekara 33 ke nan bayan GenBank, 124 bayan Fischer.

Nema a irin waɗannan rumbuna ba kamar neman kalma ba ne. Mai binciken nan namu na Zariya zai zana ɗan reshen da yake so, lu'ulu'u a kan da'ira rawaya da lambar ƙullinsu, manhajar ta bi bishiyoyin da ke rumbu ɗaya bayan ɗaya tana duba wacce ke ɗauke da wannan reshe a jikinta. Yana iya nema da nauyi, ko da adadin kowane sukari idan bai san yadda suka jeru ba. Daga lambar da ya samu zai iya tsallakawa GlyGen ko GlyConnect ya ga a jikin wane furotin aka taɓa ganin tsarin, a wace dabba, a wace maƙala. Mai nazarin sanƙarau kuma zai sami tsarin ɓawon sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar a CSDB. Wannan ɓawon ne aka ɗaura a jikin furotin aka yi rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara bayarwa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya iso Arewacin Nijeriya a 2011. Galibin waɗannan kayan aiki kyauta ne, a intanet ake buɗe su. Tsadar tana wurin na'urorin da ake auna samfuri da su, da wutar da za ta riƙe su, da wanda zai gyara su idan sun tsaya.

Ƙaro

Akwai abin da har yanzu ya fi ƙarfin manhajojin, kuma yana cikin kwalbar tawadar kowane mai rubutun allo. Ƙaro, wanda ake tsaga daƙwara a Yobe da Borno da Jigawa a tara, ake kuma fitar da shi waje ya shiga lemon kwalba da alewa da magani da lambar E414, gilaikan ne tsantsa da ɗan furotin kaɗan. Ɗaya daga cikin sukarinsa, arabinos, daga sunan ƙaro a harsunan Turai ya samo sunansa. Masana sun san abin da ke cikinsa: ƙashin baya na galaktos, rassa na arabinos da ramnos da wani sukari mai tsami. SNFG yana da alamar kowannensu; arabinos tauraro ne kore.

Sai dai ƙaro ba shi da tsari guda da za a ba lamba. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da dubban zobba, kuma da wuya a sami biyu da rassansu suka zo daidai. Na daƙwara daban yake da na dushe, har ma na bishiya ɗaya yakan ɗan sauya da ƙasa da yanayin shekara. Ƙa'idojin rubutu irin su GlycoCT da WURCS, wanda aka fitar a Japan a 2014, sun tanadi hanyar cewa wannan yanki yana maimaituwa, ko wannan reshe yana nan amma ba a tantance inda ya kama ba. Da haka ake zana gutsattsarin ƙaro da matsakaicin fasalinsa. Saboda haka ma'aunin da ake sayensa da shi a kasuwar duniya bai dogara ga zane ba: ana duba launi da tsabta da danƙo, da kuma ɓangaren da ruwansa yake karkatar da haske, domin na daƙwara hagu yake juya shi, na dushe kuma dama.